Tunawa da George Foreman: Ɗan Dambe, Ɗan Kasuwa, Bawan Almasihu

Ranar 21 ga Maris, 2025, George Foreman ya rasu a birnin Houston da ke jihar Teksas a Amurka, yana da shekara 76. Dattawanmu sun san shi a matsayin ƙaton ɗan damben nan da Muhammad Ali ya kayar a Kinshasa. 'Yan kasuwa sun san shi da na'urar gasa nama mai ɗauke da sunansa. Amma da iyalinsa suka ba da sanarwar rasuwarsa, abin da suka fara kiransa shi ne mai wa'azi, sannan miji, sannan uba. Mun ga ya dace mu duba rayuwarsa, domin tana nuna wani abu da mu masu bi muke yawan rikitawa, wato bambancin da ke tsakanin tuba da tsarkakewa.

An haife shi a 1949, ya tashi cikin talauci a wata unguwar Houston, ya bar makaranta da wuri, ya shiga faɗan titi da ƙwace. Wani shirin gwamnati na koya wa matasa sana'a ne ya raba shi da titi, kuma a can ya koyi dambe. A 1968 ya ci lambar zinariya a wasannin Olamfik a Meziko. A 1973 ya kai Joe Frazier ƙasa sau shida cikin turmi biyu, ya zama zakaran duniya na ajin masu nauyi. Sai ga ranar 30 ga Oktoba, 1974. Foreman ya shiga fili da tarihin wasa 40 ba a taɓa cinsa ba. Ali ya jingina da igiya, ya bar shi ya yi ta kai naushi har ƙarfinsa ya ƙare, sannan ya kayar da shi a turmi na takwas. Daga baya Foreman ya sha faɗin yadda wannan kaye ya bar shi da ɗaci da ƙiyayya.

A watan Maris na 1977, bayan Jimmy Young ya ci shi a Puerto Rico, ya faɗi a ɗakin canza kaya. Shaidar da ya yi ta bayarwa har ƙarshen ransa ita ce, ya ji kansa yana mutuwa cikin wani duhu, ya so ya fanshi ransa da kyautar kuɗi, sai ya gane ba kuɗinsa Allah yake nema ba, shi kansa yake nema. Waɗansu sun ce zafi da gajiya ne kawai suka buge shi. Ba sai mun yi gardama da su ba, gama abin da ya biyo baya shi ne abin dubawa. Yana da shekara 28, ga suna, ga kuɗi, ya ajiye dambe har shekara goma. Ya fara wa'azi a bakin titi, aka naɗa shi mai hidima, ya kafa wata ƙaramar ikkilisiya a Houston, ya kuma buɗe cibiyar matasa domin yaran unguwa irin wanda shi ya taɓa zama.

To, 'yan'uwa, a nan ne masu rubuta yabon mamaci sukan yi tsalle. Foreman ya yi aure sau biyar. Aurensa na fari ya mutu kafin tubarsa, amma uku sun mutu ne bayan ta, a cikin shekarun nan da yake tsaye a kan bagade. Ba za mu wanke wannan ba. Ubangiji Yesu ya yi magana sarai a kan kisan aure a Matiyu 19, manzo Bulus kuma ya gaya wa Timoti cewa gidan shugaban ikkilisiya shi ne jarrabawarsa ta farko. Da a cikin ɗaya daga cikin majami'unmu ne, da dattawa sun zauna a kansa, da kuwa sun yi daidai.

Duk da haka, wannan bai mai da tubarsa ƙarya ba. Barata aikin Allah ne na lokaci ɗaya: mai zunubi ya gaskata, an karɓe shi saboda Almasihu. Tsarkakewa kuwa aikin Ruhu Mai Tsarki ne na tsawon rai, kuma sau da yawa gida ne wuri na ƙarshe da yake kaiwa. Mutum yana iya barin giya ko faɗa a dare ɗaya, amma koyon haƙuri da mace guda, da sauraronta, da neman gafararta, yakan ci shekaru. Bitrus ma, shekaru bayan Fentikos, sai da Bulus ya tsawata masa a Antakiya. Mu fastoci mun san wannan daga ɗakin ba da shawara. Mun ga mutumin da addu'arsa take girgiza majami'a, matarsa kuwa tana kuka a ɓoye. Kuskurenmu iri biyu ne: ko mu rufe ido domin yana da baiwa, ko mu yanke cewa bai taɓa samun ceto ba.

A 1985 ya yi aure na biyar, wannan kuwa ya zauna kusan shekara 40, har mutuwa ta raba. 'Ya'yansa 12 ne, maza biyar, kuma dukan mazan sunansu George. Mutane sun yi ta dariyar abin. Amma shi sai da ya girma ya san cewa mutumin da ya ba shi sunan Foreman ba shi ne mahaifinsa ba. Ya ce yana so 'ya'yansa su kasance da abin da ya haɗa su, in ɗaya ya hau su hau tare, in ɗaya ya faɗi abin ya shafe su duka. Ya kuma san baƙin cikin uba, gama ya binne ɗaya daga cikin 'ya'yansa mata a 2019.

Kuɗin riƙe cibiyar matasan nan ne ya mai da shi dambe a 1987, yana da shekara 38, ga ƙiba, ana masa ba'a. Ko ya dace mai wa'azi ya nemi kuɗin hidima ta wurin naushin mutane? Mu dai muna da shakka. Bulus ya yi misali da ɗan dambe a 1 Korintiyawa 9, amma misali ba izini ba ne. A watan Nuwamba na 1994 ya kayar da Michael Moorer a turmi na goma, ya sake zama zakaran duniya yana da shekara 45. A lokacin ne kuma aka sa sunansa a kan na'urar gasa naman. Ba shi ya ƙirƙira ta ba, fara'arsa ce ta sayar da ita, fiye da guda miliyan 100. A 1999 kamfanin Salton ya biya kimanin dala miliyan 137 domin mallakar sunan, kuɗin da ya fi abin da dambe ya kawo masa. Abin da ya ja hankalinmu shi ne, bai mai da ikkilisiyarsa reshen kasuwancinsa ba. Ya ci gaba da wa'azi a ƙaramar majami'arsa ta Houston.

Ƙiyayyar nan ta Kinshasa kuwa ta koma abota. Ali Musulmi ne, Foreman fasto, suka zama aminai ba tare da ɗayansu ya bar imaninsa ba. A 1997 fim ɗin da aka yi a kan dambensu ya ci kyautar Oscar. Cutar makyarkyata ta riga ta raunana Ali, yana tafiya da ƙyar. Foreman ne ya tallafa masa ya hau matakalar dandali.