Mai ciki da sanyin haƙarƙari: mu daina gudun hoton ƙirji

Hunturu ya kama, ƙura ta rufe Madawa, Buza da Keita, tari kuma ya shiga kowane gida. Yawancinmu mura ce, kwana biyar ta wuce. Amma ga mai juna biyu, murar kan gangara ta kama huhu, abin da muke kira sanyin haƙarƙari. Sau da dama ƙwayoyin da ke kawo shi irin ƙananan nan ne da likitoci ke kira birus, kamar na mura mai tsanani, na ƙyanda, ko na korona da ya shigo Nijar a watan Maris na 2020. Amoksisilin ɗin mai tebur ba ya kashe su.

Me ya sa mai ciki ta fi galabaita? Ciki na girma yana tura huhu sama, wurin numfashi ya ragu, alhali jiki na neman iska fiye da da, tunda ran mutum biyu ne. Lokacin annobar mura ta 2009, a Amurka masu ciki kamar kashi 1 ne cikin 100 na jama'a, amma sun kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka rasu. Can fa kenan, inda asibiti ke bakin ƙofa.

To, ga inda gizo ke saƙar. Likita ya ce a je a yi radiyo, wato hoton ƙirji, sai uwar miji ta ce a'a, hasken zai taɓa jinjiri. Mun sha jin wannan a taron asusu, kuma ba ma zargin kowa, tsoro ne na ƙauna. Sai dai hasken hoton ƙirji guda bai wuce wanda jikinmu ke sha daga ƙasa da sararin sama cikin kamar kwana 10 ba, wanda ke isa ga ɗan tayi kuwa ya fi haka ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Ƙirji ake haskawa, ba mara ba. Abin da ke kanmu shi ne mu faɗa wa mai ɗaukar hoton cewa da ciki, ko na wata biyu ne, kunya ba ta da wuri a nan. Eko kuma, da wasu likitoci ke duba huhu da ita, ba ta da irin wannan haske sam.

A hoton, huhu mai lafiya baƙi yake fitowa saboda iska ce a ciki. Inda ciwo ya kama sai ya yi fari kamar hazo. In hazon ya bazu gefe biyu, likita ya san matar na iya buƙatar kwanciya da iskar oksijin, ba kwalin magani a koma gida ba. Hoton kan kuma tona ruwan da ya taru a ƙirji, ko tarin fuka da aka ɗauka mura ce. Uwar da iska ta yi wa ƙaranci, ɗanta ma ta yi masa, daga nan ne naƙuda kan zo kafin lokaci a haifi bakwaini.

Ƴan uwa, in mai ciki na haki tana zaune, ba ta iya ƙarasa magana sai ta tsaya, zazzaɓi ya ƙi sauka, leɓe ya canza launi, ko motsin ciki ya ragu, ba a jiran ranar kasuwa. A kai ta CSI a gwada iskar jininta da ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa. In an ce asibitin gunduma, ko Tawa, ko Galmi, a tafi ranar.

Tun 2006 gwamnati ta ce awon ciki da tiyatar haihuwa kyauta ne, amma kuɗin mota, na hoto da abincin mai jinya daga aljihu suke fita. Nan ne aikinmu. Tun da aka fara Mata Masu Dubara a Maradi a 1991, akwatinmu ya saba fitar da bashin sana'a. A zama mai zuwa mu tsayar da magana guda: asusun taimako ya fitar wa mai ciki kuɗin tafiya nan take, ko da dare ne, masu makulli su haɗu su buɗe, a rubuta a littafi da safe.