Hutun Iyayen Riƙo a Amurka: Aiki Na Nan, Albashi Babu

A ranar 5 ga Fabrairu, 1993, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar hutun iyali ta Amurka, wadda aka fi sani da FMLA. Ta ba ma'aikaci hutun mako 12 a shekara, ya dawo ya tarar da aikinsa ko makamancinsa, inshorar lafiyarsa kuma ba ta tsaya ba. Abin yabo shi ne dokar ba ta tsaya kan mai jego ba. Wanda kotu ta mallaka wa yaro, da wanda hukuma ta danƙa wa riƙo na ɗan lokaci, mace ko namiji, haƙƙinsu ɗaya da wanda aka yi wa haihuwa.

Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan wani ya san dalili. Yaro ɗan shekara shida da aka raba da gidansu yakan iso da 'yan kayansa a leda, ya raɓe a bakin ƙofa, a miƙa masa abinci ya kau da kai, dare ya yi ya kasa runtsawa. Maganin wannan firgici shi ne ya riƙa farkawa yana ganin fuska ɗaya har ya saki jiki, kuma hakan ba ya samuwa a hutun ƙarshen mako. Dokar ta ma yarda a ci wani ɓangare na hutun tun yaron bai iso ba, don zuwa kotu, ganin lauya ko tafiya wata ƙasa ɗauko shi.

To amma hutun ba albashi. Kuma kafin ya samu hutun, sai ma'aikaci ya cika wata 12 da awa 1,250 yana aiki, a ma'aikatar da ke da mutum 50 a cikin tazarar mil 75. Mai aiki a ƙaramin shago ya fita ke nan. Riƙo irin namu ma, inda gwaggo ko kaka ke ɗaukar maraya ba tare da sa hannun hukuma ba, bai shiga wannan hutu na karɓar yaro ba. 'Yan'uwanmu mazauna can su lura.

Jihar Kalifoniya ta fara biyan kuɗin irin wannan hutu tun 2004, ma'aikatan gwamnatin tarayya suka samu nasu a Oktoban 2020. A Ingila kuwa, wanda aka mallaka wa yaro yana da mako 52, ana biyansa a 39 daga ciki. Muddin biyan bai game dukkan ma'aikatan Amurka ba, talaka mai niyyar riƙon maraya zai ci gaba da zaɓa tsakanin yaron da kuɗin haya, wannan kuwa bai dace da ƙasa mai arziki irin nata ba.