Kuloci da Na'urar Daidaita Gudu: Yadda Ake Gano Ciwon Tsohuwar A-kori-kura

Gabatarwa

Daga cikin tsofaffin motocin a-kori-kura da ake shigowa da su daga Amurka, irin su Ford Ranger da F-150, akwai masu ɗauke da wata na'ura da ke riƙe gudun mota a kan ma'auni ɗaya ko direba ya ɗage ƙafa daga kan totur. Idan motar ta kwana biyu, direba yakan zo wa makanike da koke biyu: na'urar ta daina kamawa, kuma matakin kuloci ya yi laushi, ko ba ya komowa sama sosai. Mutum sai ya ɗauka cuta biyu ce, alhali sau da yawa tushensu ɗaya. Wannan maƙala za ta bayyana yadda sassan biyu ke aiki, da inda suka haɗu, da yadda ake bin diddigin matsalar, domin a cikinta akwai darasin da ɗalibin fiziks da na ilimin halittu duk za su amfana da shi.

Asalin na'urar

Tunanin sa inji ya riƙa gyara gudunsa da kansa ya daɗe. A shekarar 1788 James Watt ya haɗa wa injin tururinsa wasu ƙwallayen ƙarfe biyu masu juyawa. In gudu ya yi yawa sai su buɗe, su rage tururin da ke shiga. In ya ragu sai su rufe, tururi ya ƙaru. Wanda ya kawo wa mota irin wannan dabara shi ne Ralph Teetor, injiniya ɗan jihar Indiyana, wanda ya makance tun yana yaro. An yi wa ƙirƙirarsa rajista a 1950, kamfanin Chrysler kuma ya fara sa ta a motocinsa a 1958.

Sassa uku ke yin aikin. Akwai ma'aunin da ke ƙirga juyawar ƙarfen da ke tura tayoyi. Akwai ƙaramin akwatin lantarki da ke gwada wannan gudu da wanda direba ya zaɓa. Sai kuma abin da ke jan wayar totur, wanda a wasu motoci zuƙar iskar inji ke motsa shi, a wasu kuma ƙaramin injin lantarki. In mota ta fuskanci tudu gudunta ya ragu, sai a ƙara totur, in ta kama gangara sai a sassauta.

Ɗalibin ilimin halittu ya san wannan tsari, domin da shi jikinsa ke riƙe zafinsa a wajen digiri 37 na ma'aunin Salsiyos. Fata da jini suna kai rahoto, wani ɗan sashe a gindin ƙwaƙwalwa yana gwadawa, sannan gumi ko makyarkyata su gyara. Claude Bernard na Faransa shi ya fara jawo hankali ga wannan daidaito na cikin jiki a ƙarni na 19, Walter Cannon na Amurka kuma ya raɗa masa sunan homiyostasis a 1926.

Aikin kuloci

Inji yana juyawa muddin yana kunne, amma taya dole ta tsaya wani lokaci. Kuloci shi ne mai haɗa su da raba su. Wani faifai mai kaushi ne da ƙarafa masu tsauri ke matse shi a jikin faifan inji. In direba ya taka mataki, matsin ya saki, inji ya rabu da giya.

A irin waɗannan motoci, ruwa ne ke kai ƙarfin ƙafar direba zuwa ga faifan, wato man birki. Mataki yana tura famfon sama, man ya bi siririn bututu ya tura famfon ƙasa. Wannan ita ce ƙa'idar Blaise Pascal, wanda ya rayu daga 1623 zuwa 1662: matsin da aka yi wa ruwan da ke rufe yana isa ko'ina cikinsa daidai wa daida. Misali, in faɗin fuskar famfon sama murabba'in santimita 2 ne aka tura shi da ƙarfin niyuton 100, famfon ƙasa mai faɗin murabba'in santimita 4 zai yi turi da ƙarfin niyuton 200.

Sharaɗin ƙa'idar shi ne kada iska ta shiga. Ruwa ba ya matsuwa, iska kuwa tana matsuwa. Ɗan kumfa kaɗan ya isa ya shanye takun direba, mataki ya yi laushi kamar soso, giya ta ƙi shiga sai da ƙara. Haka nan man birki yana tsotsar laima daga iska. Sabon mai nau'in DOT 3 ba ya tafasa ƙasa da digiri 205, amma in ya sha laima ma'aunin yakan sauko zuwa wajen digiri 140, laimar kuma tana cin ƙarfen famfo daga ciki.

Inda biyun suka haɗu

A jikin matakin kuloci, ko a kan sandar da ke tura famfon sama, akwai ɗan makunni. Aikinsa na farko shi ne hana mota tashi sai an taka kuloci. Na biyu shi ne kashe na'urar daidaita gudu da zarar an taɓa matakin. Dalili kuwa a fili yake. In aka raba inji da taya, gudun mota zai fara raguwa, akwatin lantarki zai ƙara totur, gudun ba zai ƙaru ba tunda an yanke haɗin, sai ya ci gaba da ƙarawa har inji ya yi kukan da zai iya lalata shi.

To, in robar da ke riƙe sandar mataki ta cinye, ko ƙarfen da ke komo da shi sama ya saki, matakin zai tsaya ƙasa kaɗan da wurinsa. Makunni sai ya riƙa kai rahoton cewa ƙafa na kai, akwatin kuma ya ƙi kamawa. A nan na'urar lafiyarta lau, rahoton ƙarya take samu. Wanda ya saye sabon akwati a wannan hali ya bar jaki yana dukan taiki.

Bin diddigi daki-daki

Ƙa'idar makanike nagari ita ce ta likita da ta mai bincike: a fara da mai sauƙi da arha, a canza abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gwada kafin a wuce gaba.

Na farko, a duba fiyus da fitilun birki na baya. A tsofaffin motoci da dama, akwatin yana sanin halin birki ta hanyar waɗannan fitilu, don haka ƙonewar ƙwai kawai tana iya hana shi aiki.

Na biyu, a danna ham. Wayarsa da ta maɓallan na'urar suna bi ta wani naɗaɗɗen zare ɗaya a cikin sitiyari. In duka biyun sun mutu tare, can ne za a nufa.

Na uku, a lura da allurar gudu. In tana rawa ko ta kwanta, ma'aunin gudu ne abin zargi. A tuna kuma na'urar ba ta kamawa sai gudu ya kai wajen kilomita 40 zuwa 50 a awa.

Na huɗu, mota na tsaye a kashe, a ɗaga matakin kuloci da hannu. In ya ƙara hawa, ga mai laifi nan. A auna makunnin da mita, a ga ko yana buɗewa yana rufewa.

Na biyar, a duba man kuloci. In ya ragu akwai yoyo: jiƙewa a bayan mataki ta nuna famfon sama, ɗiga a ƙarƙashin akwatin giya ta nuna na ƙasa. A Ford Ranger da yawa famfon ƙasa yana cikin gidan kuloci, sai an sauke akwatin giya kafin a kai gare shi, shi ya sa ake canza shi tare da faifai a aiki ɗaya. In kuwa inji yana ƙara kuka a kan tudu gudu bai ƙaru ba, faifan ne ya cinye.

Gargaɗi biyu

Wasu sukan haɗe wayoyin makunnin kuloci don a huta. Wannan ganganci ne, domin mota za ta iya tashi a cikin giya ta yi tsalle kan wanda ke gabanta, kariyar inji kuma ta tafi.

Na biyun ya fi girma. Daga 1999 zuwa 2009 kamfanin Ford ya yi ta kiran a komo da motoci fiye da miliyan 14, har da F-150 da Ranger, saboda wani makunnin kashe na'urar da ke kan famfon birki. Man birki yana iya ratsawa cikinsa ya haɗa wuta, kuma a motoci da yawa lantarki ba ya barinsa ko an kashe inji, har mota ta kama da wuta tana ajiye. Maganin da aka yi shi ne ƙara masa waya mai fiyus. Duk mai tsohuwar mota irin wannan ya kamata ya tabbatar an yi mata gyaran, musamman in ya ga jiƙewa a wurin.

Ga malamai

Ana iya nuna wannan darasi a aji da sirinji biyu marasa allura, babba da ƙarami, da ɗan bututun roba. A cika su da ruwa, ɗalibai su tura ƙaramin su ji yadda babban ke amsawa nan take. Sannan a shigar da iska kaɗan a sake gwadawa. A tambaye su: ina ƙarfin ya tafi? Daga nan a nemi su zana sassa uku na na'urar daidaita gudu, su jera takwarorinsu a jikin mutum, su kuma faɗi abin da zai faru in mai kai rahoto ya yi kuskure alhali sauran sassan lafiya suke.