Lokutan Toho da Fure a Sabon Birni da Isa: Me Tsirrai ke Faɗa game da Sauyin Yanayi?

A kimiyyar muhalli akwai fannin da ake kira fenoloji, wato nazarin lokutan da tsiro ke yin toho da fure da 'ya'ya da kaɗe ganye, da kuma yadda waɗannan lokuta ke gusawa daga shekara zuwa shekara. Ƙimar fannin tana ga daɗewar rubutu. A birnin Kyoto na ƙasar Japan an adana ranakun furen wata bishiya tun ƙarni na 9, kuma da su aka gane cewa furen yana ƙara saurin fitowa yayin da yanayi ke ɗumama. To amma a can, sanyi da zafi ne ke juya rayuwar tsiro. A ƙananan hukumomin Sabon Birni da Isa, da ke gabashin jihar Sakkwato daura da iyakar Nijar, ba haka abin yake ba. Ruwan shekara yakan tsaya tsakanin milimita 500 zuwa 700, akasarinsa daga Yuni zuwa Satumba, kuma ba dukkan tsirrai ne ke bin umarnin wannan ruwa ba. Mai nazarin da ya kasa bambance abin da kowane tsiro ke bi zai yi wa bayanansa gurguwar fassara.

Ciyayin jigawa, irin su ƙarangiya da burburwa da harƙiya, su ne masu bin ruwan sama kai tsaye. Da ƙasa ta jiƙa sai su tsiro, in ruwa ya ɗauke na mako biyu ko uku sai su ƙone. Haka gero yake, musamman wanda aka yi binnensa. Saboda haka ranar tsirowarsu da ranar bushewarsu su ne ma'aunin tsawon damina mafi sauƙi.

Maiwa da wasu nau'o'in dawar gargajiya kuwa da tsawon yini suke aiki. Yankin yana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, inda bambancin yini mafi tsawo a Yuni da mafi gajarta a Disamba bai fi kimanin awa ɗaya da rabi ba. Duk da ƙanƙantar wannan bambanci, waɗannan hatsi ba sa yin ciki su fitar da kai sai yini ya ragu zuwa wani mizani. Shi ya sa maiwar da aka shuka da ruwan farko da wadda aka shuka bayan makonni sukan yi bununi kusan tare. Wannan hali ya samu ne daga zaɓen iri da manoma suka yi shekaru aru-aru, har furen ya dace da ƙarshen damina, ƙwaya ta nuna cikin busasshiyar iska ba tare da ta yi fumfuna ba. A nan ne hatsarin yake. Tsawon yini ba ya sauyawa, amma ranar ɗaukewar ruwa tana sauyawa. Idan damina ta yanke da wuri, maiwa za ta fitar da kai a kan karinta, ta tarar babu laima, zangarniya ta tsaya ba ido. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1984 sun sa manoma da yawa a yankin Sahel suka karkata ga iri mai saurin nuna. Don haka rubuta ranar furen maiwa kawai ba ya nuna komai game da sauyin yanayi, sai an jera ta da ranar ruwan ƙarshe. Tazarar da ke tsakanin ranakun biyu ita ce abin aunawa.

Itatuwa ma suna da nasu lissafin. Kuka takan fara toho a ƙarshen bazara, sau da yawa kafin ruwa ya sauka, domin tana da ajiyar ruwa a gangar jikinta. Gawo kuma ya saɓa wa kowa: yana kaɗe ganye da damina, ya yi toho da kaka, 'ya'yansa su nuna da rani lokacin da dabbobi suka fi buƙatar abinci. Yana iya haka ne saboda saiwarsa tana kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa. Ke nan gawon da ke fadamun Bunsuru da Gagere da gulbin Rima labarin ruwan ƙasa yake bayarwa, ba na ruwan sama na bana ba. Akwai kuma abin lura: gawon da makiyaya suka sassare wa rassa yakan yi toho ba a kan kari ba, don haka bai dace a sa shi cikin itatuwan da ake bibiya ba.

A yau an fi dogaro da tauraron ɗan'adam wajen auna koren ƙasa. Na'urar MODIS tana tara bayanai tun 2000, Sentinel-2 kuma, wanda aka harba a 2015, yana iya bambance fili mai faɗin mita 10. Amfaninsu a bayyane yake, balle a wurin da hare-haren 'yan bindiga suka hana mai bincike shiga ƙauyuka da dama. Sai dai hoton sama kore kawai yake gani, bai san na mene ne ba. Gonar da mai ita ya gudu ya bari, tafasa da kyasuwa suka cinye ta, za ta iya fitowa kore shar kamar wadda aka nome. Wanda ya karanta wannan a matsayin farfaɗowar muhalli ya ɗauki alamar gudun hijira a matsayin albarkar damina.

Abin da zai gyara wannan ba mai tsada ba ne. Ana zaɓar itatuwa ƙalilan na gawo da kuka da aduwa da magarya a cikin gari ko gefensa, a sa musu lamba, a riƙa duba su sau ɗaya a mako, ana rubuta ranar toho da fure da nunar 'ya'ya da kaɗe ganye, tare da ma'aunin ruwan sama a kusa. Malaman makarantun sakandare da ɗalibansu za su iya riƙe wannan aiki. Sharaɗin kawai shi ne a tsaya kan itatuwa guda da ma'ana guda ta kowane mataki, domin abin da wani zai kira farkon toho wani zai ce bai kai ba, kuma saɓanin mako ɗaya tsakanin masu lura ya isa ya ɓatar da sauyin da ake nema.