Daga 170 Zuwa Nawa? Maganar Makin JAMB

(Kiɗan buɗe shiri)

Shirinmu na yau na ɗalibai ne da iyayensu, musamman gidajen da yaro ya zauna jarrabawar JAMB bana, sakamako bai yi daɗi ba, ana shirin sake zama baɗi.

Da zarar an fara sayar da fom, sai ka ga allunan masu lesin sun cika bakin titi, kowa na alƙawarin maki 300 cikin wata biyu. To, bari mu ji abin da alƙaluman hukumar JAMB kanta suka nuna. A shekarar 2024, ɗalibai kusan miliyan 1.9 ne suka zauna, kuma kashi 76 cikin 100 ba su kai maki 200 ba. Waɗanda suka sami 300 zuwa sama su 8,401 ne kacal a duk faɗin Najeriya. A cikin ɗalibai 200, da ƙyar ka sami mutum guda. Saboda haka idan ɗanka ya zo da 170, Malam, ba daƙiƙi ba ne. Yana inda mafi yawan tsararrakinsa suke.

Yanzu mu yi lissafi tare. Darussa huɗu ake zama, kowanne maki 100, jimilla 400. Turanci dole ne, kuma tambayoyinsa 60. Sauran ukun kowanne 40. Tambayoyi 180 ke nan cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 ga kowace tambaya. A darasi mai tambaya 40, kowace amsa daidai tana kawo kusan maki biyu da rabi. Kenan mai 170 da ke neman 200 yana bukatar ƙarin amsoshi 12, huɗu-huɗu a darussa uku, ko da Turancinsa bai motsa ba. Wannan abu ne mai yiwuwa cikin 'yan watanni. Amma daga 170 zuwa 300, ƙarin amsoshi sama da 50 ake magana. Wanda ya ce zai ba ka wannan cikin mako takwas, aljihunka yake kallo.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Makin farko shi ne mai sauƙin samu, domin sau da yawa ba rashin sani ne ya zubar da shi ba. Tun 2015 da kwamfuta kawai ake zama jarrabawar, amma har yau akwai yaron da ranar jarrabawa ce ranar da ya fara zama gaban kwamfuta. Ka gan shi hannu na rawa, yana laluben linzami, alhali da maɓallan A, B, C da D zai iya zaɓar amsa, ya danna N ya wuce gaba, P ya koma baya. Ya maƙale kan tambayar Fiziks guda har minti biyar, agogo na ta tafiya a gefen allo, ya tashi da tambayoyi ashirin bai ko karanta ba. Irin wannan, ya zauna jarrabawar gwajin da hukumar ke shiryawa, ya riƙa aikin tambayoyin shekarun baya da agogo a gabansa, ya karance littafin labarin da aka ɗora wa kowa a Turanci. Makinsa zai ɗaga ba tare da ya koyi wani sabon ilimi mai yawa ba.

Daga nan ne tafiya ke yin nauyi. Sai ɗalibi ya ga mako uku, mako huɗu, makin gwajinsa yana nan inda yake, ya ce karatun ba ya shiga. Yana shiga. Ya dai gama kwashe na sama ne, saura wanda sai an haƙa. Sharar gona kwana biyu ce, amma gero sai ya cika kwanakinsa. Lissafi da Kemistiri suna hawa kan tushen aji huɗu da aji biyar na sakandare. Wanda tushensa ya rushe, komawa can zai yi, ba haddar amsoshi ba. Turanci kuwa ya fi kowanne jan ƙafa, kuma a ganina nan ne yawancin yaranmu na Arewa ke asara biyu, domin da Turancin ake tambayar sauran darussan ma, in ban da na harsuna irin su Hausa da Larabci. Fahimtar nassi ba ta samuwa a wata guda, sai da karatun yau da gobe.

Kada kuma a ɗauki makin zama guda tamkar hatimi. Mai samun 210 a gwaji zai iya tashi da 195 ko 225, gwargwadon tambayoyin da suka faɗo masa da lafiyarsa a ranar. Na'ura ma kan yi tuntuɓe: a 2025 shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito ya amsa cewa matsala ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da Kudu maso Gabas, aka sake musu zama.

Wani abin da iyaye ke yawan mantawa: mafi ƙarancin makin shiga jami'a da aka tsayar a 2025 shi ne 150, amma wannan bakin ƙofa ne kawai. Likitanci da aikin lauya sun fi haka nesa ba kusa ba, ga kuma tantancewar jami'a da sakamakon WAEC ko NECO. Sannan makin JAMB na shekara guda ne, ba a ajiye shi. Wanda ya zauna sau biyu yana yawo tsakanin 160 da 180, yana da kyau ya duba hanyar IJMB ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda ke kai mutum aji biyu kai tsaye, ko kwalejin ilimi, ko ta kimiyya da fasaha, kafin ya sake ba da wata shekarar.

Iyaye, idan saƙon sakamako ya shigo waya, yana zuwa ne da makin kowane darasi daban. Ku zauna da yaron ku duba wanne ne ya fi ja masa baya, daga nan za a san malamin da ya kamata a nema da watannin da za a ba shi.

Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.

(Kiɗan rufe shiri)