Kyautar ban kwana a ƙasar karatu

Kafin a buɗe cibiyar karatu mai zurfi ta Yamai a shekarar 1971, wadda ta zama jami'a a 1973, duk ɗan Nijar da ke son wuce sakandare sai ya bar gida. Waɗansu suka nufi Dakar da Abijan, waɗansu Faransa, waɗansu Aljeriya ko Masar. Ko bayan buɗe jami'ar ba a daina tafiya ba, domin ba kowane fanni ake koyarwa a gida ba. Cikin ƙasashen da suka karɓi ɗalibai har da Tarayyar Sobiyet, inda aka kafa Jami'ar Zumuncin Al'ummai a birnin Mosko a 1960, aka raɗa mata sunan Patrice Lumumba a 1961.

Karatun can dogo ne. Shekarar farko ta koyon Rashanci ce, sa'an nan a yi biyar a kan fannin da aka zo nema, mai karatun likita kuwa shida. Duk tsawon wannan zama ɗalibi yana kwana ɗaki guda da waɗansu, Barashe ne, ko mutumin Kuba, ko na Biyetnam. Tukunya ɗaya suke dafuwa. Wanda ya gyara maka harshe sa'ad da ba ka iya ko sayen burodi, ya zauna kusa da kai ranar da takardar rasuwa ta iso daga gida bayan an yi sadakar arba'in, ya wuce abokin ɗaki kawai. Masu iya magana sun ce sabo ake yi wa kuka. Ranar da aka karɓi takardar shaidar gama karatu, kowa ya san da wuya a sake gamuwa.

A ƙasar Hausa kowace kyauta da sunanta da kuma mai yin ta. Mai zama shi ke yi wa matafiyi guzuri, matafiyi ya komo da tsaraba, ɗan aike ya sami tukwici. To, a ɗakin ɗalibai duka biyun matafiya ne, kuma babu mai komowa wurin wani. Sai kowa ya zama mai bayarwa, ya zama mai karɓa a rana guda. Kuɗin tallafin karatu kuwa ba su da yawa, saboda haka ɗalibi mai hangen nesa tun hutunsa na ƙarshe a gida yake tanadi: alabe na fata daga Damagaram, takalman Tawa, zanen saƙi, ko abin wuya na azurfa ƙirar Agadas. Waɗannan ba su da nauyi a akwati, kuma ba a samun su a kantin Mosko ko da nawa mutum ya riƙe.

Nan ne al'ada ke gamuwa da al'ada. A ce ga wani ɗan Adar ya ɓoye wuƙa ƙirar Buzaye, mai kube na jar fata, shekara biyu a gindin akwatinsa, domin abokinsa Barashe. Ran sallama ya miƙa masa. Abokin ya duba, ya yaba, sai ya sa hannu aljihu ya zaro kofek guda, ƙaramin kuɗin ƙasar, ya ce sai an karɓa. Ga Bahaushe babu cin fuska kamar wannan, a biya ka kyautarka, da kuɗin da bai wuce na ashana ba. Alhali shi Barashen tsare zumunci yake yi. A camfinsu kyautar wuƙa tana yanke abota, amma in aka ba da ɗan kuɗi ta koma ciniki, sharrin ya wuce. Haka kuma ba su son a ba su alabe wayam, sai an jefa wani abu a ciki, don kada ya jawo talauci. Furanni ma sai an ƙidaya, a ba da uku ko biyar, domin biyu da huɗu na kai wa kabari ne.

Shi ma abokin yakan yi tuntuɓe. Bahaushe yakan rena kyautarsa da bakinsa, ya ce ga ɗan goro, ko da rabin dukiyarsa ce. In kuma aka ba shi, sai ya yi godiya ya ajiye gefe, don kada a ce kwaɗayi gare shi. Barashe kuwa so yake a kwance ƙunshin a gabansa, ya ga fuskar mai karɓa. Sau da yawa kawaicin wannan ya zama kamar ƙi a idon wancan. Abin da ke raba gardamar shi ne sun daɗe tare, har suna iya tambayar juna ba tare da kunya ba.

Abin da ɗan Nijar kan samu ya danganta da ƙarfin abokin. Akwai ƴar tsanar katako ta matiriyoshka, wadda in an buɗe ta a iske wata a cikinta, a buɗe wannan a iske wata. Akwai cokulan katako masu zane, da littattafai, da yake suna da araha ƙwarai a can. Mai hali yakan ba da abin ɗaukar hoto na Zenit, ko samobar, wato tukunyar dafa ruwan shayi. Samobar kyauta ce ta girma, sai dai ga mai nauyin kaya ƙayyadadde a jirgin sama nawaya ce, kuma ba a iya barin ta a baya ba tare da an ɓata rai ba. Kyautar da ta fi ƙarfin ramuwa ma nawaya ce. Wanda aka ba Zenit, shi kuwa alabe ya riƙe, yakan hau jirgi da jin bashi a kansa.

Akwai kuma kyautar da ba a ƙunshewa. Babbar rigar sanyi da hular gashi ba su da aiki a Maraɗi ko Tawa, sai a bar wa ƙane sabon zuwa, shi ma in ya gama ya bar wa na bayansa. Kafin a ɗauki akwati, Rashawa kan ce kowa ya zauna, a yi shiru na ɗan lokaci, sa'an nan a miƙe. Ɗan Nijar kan cika shirun da addu'ar tafiya a zuci.

Daga ƙarshe sai musayar hoto, kowa ya rubuta adireshinsa a bayan nasa. Takardu sukan yi ta kai da komo ta gidan waya shekara biyu ko uku, kafin aiki da aure su rage su. A 1991 Tarayyar Sobiyet ta wargaje. Leningirad ta koma tsohon sunanta na San Fitasbag, Kiyef da Tashkent suka zama manyan biranen ƙasashe dabam, tituna da yawa aka sake musu suna. Jami'ar Mosko ɗin ma an cire mata sunan Lumumba a 1992, sai a 2023 aka mayar mata da shi. A gidajen waɗansu tsoffin likitoci da injiniyoyi, hoton yana nan cikin littafi da adireshin ƙasar da babu ita, ƴar tsanar kuwa tana bisa kabad, jikoki sun ɓatar da ƴar autar da ke can ciki.