Zinariya da Azurfa: Abubuwa Bakwai Masu Ban Mamaki

Daga Gwiwa zuwa Roni da Kazaure, da wuya a buɗe akwatin lefe a rasa mai ɗaga sarƙa tana tambaya: "Gwal ce, ko ruwa aka yi mata?" Ga dalilan da suka sa tambayar take da nauyi.

1. Duk zinariyar da ɗan Adam ya haƙo a tarihi ta ɗan haura tan 200,000 ne kawai. Da za a narke ta a yi dunƙule ɗaya, tsawonsa da faɗinsa da tsayinsa kowanne kimanin mita 22 ne.

2. Gorar lita ɗaya cike da zinariya ta haura kilo 19. Amma giram ɗaya ana iya buga shi ya baje har ya rufe murabba'in mita guda. Kuma ba ta tsatsa ko ta shekara dubu a ƙasa.

3. A mazhabar Malikiyya mafi ƙarancin sadaki rubu'in dinari ne, wato giram ɗaya na zinariya da ɗan ɗoriya. Nisabin zakka dinari 20 ne, kimanin giram 85, na azurfa kuwa dirhami 200. Shi ya sa in farashin zinariya ya motsa a kasuwar Landan, sai lissafin waliyyai ya canza a wajen ɗaurin aure a Gwiwa.

4. A 1324 Mansa Musa na Mali ya ratsa Alƙahira zuwa aikin Hajji. Yawan zinariyar da ya rabar ya karya darajarta a Masar tsawon shekaru.

5. Dalar azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya ta yi ciniki a kasuwannin ƙasar Hausa, maƙeran fari kuma suna narka ta su ƙera mundaye da zobba. Duk wadda aka buga bayan rasuwar sarauniyar, shekarar 1780 ce a jikinta.

6. Babu ƙarfen da ya kai azurfa gudanar da lantarki, don haka ake sa ta a farantin sola. Filatinam kuwa, wani ƙarfe mai daraja kamar su, yana cikin salansar mota yana rage gubar hayaƙi, kuma mafi yawansa daga Afirka ta Kudu yake fitowa.

7. A 2010 gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara. Dutsen zinariyar can haɗe yake da dalma, ana niƙa shi a tsakar gida, ƙurar tana sauka a abinci da hannun yara masu rarrafe. A 2015 hakan ya sake faruwa a jihar Neja. Duk matashin da neman na kai ya kai shi ramin haƙa, ya jiƙa dutse kafin niƙa, ya niƙa nesa da gari, ya yi wanka ya sake kaya kafin ya ɗauki ɗansa.